Rasuwar Gajeriya, Motar Gwangwani

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ko dai abin da ya rage na zuciyar, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar Gajeriya, babbar motar da tsawonta bai wuce kamu ɗaya ba.

Ni na ƙera marigayiyar a teburin ɗakin Baba, da gwangwanin madara da waya da dalma. Kwaikwayon motar da ya tuƙa ce kafin idanunsa su tafi. Ni ke yanka, shi ke shafawa da yatsa yana ƙorafi. Sau tari ya sa na kwance ƙofar direba, wai tasa ba haka take rufuwa ba.

Marigayiya mai haƙuri ce. Ba ta taɓa shan mai ba, ba ta taɓa kwana a hanya ba. Maganarta ɗaya, ƙiii-ƙiii, daga tayar baya ta hagu. Na so in gyara, Baba ya hana, ya ce da wannan kukan yake gane inda take.

Shi ya hana a yi mata fenti. Ya ce fenti na masu ido ne, shi ƙarfen yake so ya ji. Kullum da safe sai ya goge ta da tsumma mai baƙin mai.

Bara Allah ya yi wa Baba rasuwa. Na ja ƙofar ɗakin, ban sake shiga ba, ashe rufin yana yoyo. Da uwargida ta buɗe don ta share, tsatsa ta riga ta cinye bodin. Na tura ta a hankali, tayar ba ta ce komai ba. Na tsaya jiran hawaye, ba su zo ba, kamar dai ranar rasuwar Baba.

Ta bar almakashi, ƙaramar guduma, tsumman Baba, da ni.

Za a yi jana'izarta gobe da hantsi a ƙofar gida, idan mai sayen tsofaffin ƙarafa ya zo wucewa da kurarsa. Waɗanda suka zo gaisuwa bara an hutar da su, ba sai sun dawo ba.

Sitiyarin kaɗai ba za a tafi da shi ba. Wajen da babban yatsan Baba yake dafawa har yau yana ƙyalli.