Rasuwar Juriya a Cikin Bargo Biyu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hanci mai cike da abin da ba ya faɗuwa, ni Ɗalha Zailani na Lewisham nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki, na nan Landan da na gida, rasuwar bishiyata Juriya. An tabbatar da mutuwarta ranar Lahadi, huɗu ga azumi, ranar da aka ƙara wa agogo awa guda, alamar hunturu ya ƙare a nan. Ban san ainihin ranar da rai ya yi halinsa ba. Daga warin da na tarar dai, an kwana biyu.

Marigayiyar dangin dabino ce da giginya, amma ruwa biyu ce. Uwarta 'yar kudancin Brazil, ubanta ɗan ƙasar Chile, masu haɗa auren itatuwa suka haɗa su don a sami 'yar da sanyin Turai ba zai razana ba. Na ɗauko ta daga wani lambu a Kent shekarar kullen korona, tsawonta bai wuce kafaɗata ba, da 'yar takarda a wuyanta mai cewa tana jure sanyi har goma ƙasa da sifiri. Ni mutumin Dutse ne, a gindin dabino na yi wayo. Shekara goma sha bakwai ina leƙa taga a garin nan ina ganin itatuwan da ke tuɓewa tsirara rabin shekara. Da na ga Juriya na ji kamar an aiko mini da mutum daga gida.

Wajibi ne in ambaci yadda ta sami mazauni, don a nan maganar take. Filin bayan gidanmu bai fi shimfiɗar tabarma huɗu ba, rana kuma wuri ɗaya kawai take sauka, a kusurwar katanga. Nan mai ɗakina Luba ta shekara tara tana shuka yakuwa da alayyafo. Na roƙe ta wurin, ta bayar, amma da sharaɗi. In Juriya ta ga bayan hunturu uku, wurin ya zama nata har abada. In ta mutu kafin nan, ni zan haƙe ta da hannuna, in mayar da ƙasa, kuma kada a sake jin sunan wata bishiya a bakina. Maƙwabcinmu Mordecai, mutumin Jos, ya shaida ta saman shinge. Ranar da na sayo tawa shi ma ya sayi ƙanwarta.

A halin rayuwarta marigayiya mai kamun kai ce. Ba ta zubar da ganye ta ɓata wa maƙwabta tsakar gida, ba ta taɓa sa council, wato ƙaramar hukumarmu, ta rubuto mini wasiƙa ba. In iska ta taso daga wajen kogi sai ta ce "shaa, shaa," a hankali, kamar mai rarrashin jariri. In an yi ƙanƙara ganyenta ya sandare, sai ka ji "kas, kas," shi ke nan ƙorafinta. Hunturun farko dusar ƙanƙara ta zauna mata a ka kwana biyar, ta karkaɗe abinta ta ci gaba da toho. Na biyu ko a jikinta. Duk wannan ta yi shi ne ba riga ba mayafi, don lokacin ban fara kula da ita ba.

Ciwon ajalinta ya fara ne a watan Disamba na hunturu na uku, kuma ba daga jikinta ya fara ba. Daga nawa ya fara. Na ji ana ta shelar cewa wani mugun sanyi na tafe, na lissafa na ga saura wata uku da 'yan kwanaki in ci gari, sai tsoro ya kama ni. Na je kasuwar Deptford na sayo bargo biyu masu kauri. Na tattare ganyenta na ɗaure, na naɗe ta da bargo, na bi da baƙar ledar shara har ninki uku, na zagaye da igiya yadda ko numfashi ba zai fita ba. A saman kai na bar 'yar kafa. Ta nan nake ɗura mata ruwan ɗumi kowace safiya bayan sallar asuba, buta guda, daidai maɗigarta inda sabon toho ke fitowa, domin mu haka muka tashi muka gani: wanda sanyi ya kama, ruwan zafi ne maganinsa. Mai jego ma da shi ake mata wanka.

Mordecai ya leƙo ya ce in rufa wa kaina asiri in kwance ta, itacen nan sanyi bai dame shi ba, ruwan da ya kwanta a ka shi ne ajalinsa. Na gode masa, na ce a raina bari dai mu ga tasa da ya bari a tsaye kamar marainiya. Luba ma ta yi magana sau ɗaya. Na ce mata mai shuka alayyafo bai san sha'anin manyan itatuwa ba. Daga ranar ma ita ke tashi ta ɗora mini ruwan, ina idar da sallah sai in tarar da buta a bakin ƙofa. Na ɗauka ladabi ne.

Ranar Lahadin da wa'adi ya cika na tara mutanen gida da Mordecai, na sa 'yata Nazifa ta riƙe waya ta ɗauki bidiyo don dangi na Dutse. Na yanke igiya. Abin da ya fito daga ledar nan, jama'a, majemar Kano turare ce a kansa. Bargon ya yi baƙi ya yi yauƙi, funfuna ta yi masa gashi. Dodon koɗi marasa kwanso, irin masu santsin nan, sun yi gari guda a ciki, manya da 'ya'yansu, sun ƙoshi har ba sa iya motsi. Duk da haka ban fid da rai ba. Na kama tohon tsakiya na ɗan ja don in nuna ƙarfinsa, sai ya biyo hannuna. "Fuc." Wannan ce maganarta ta ƙarshe. Gindinsa ya narke kamar ruɓaɓɓiyar albasa, wani ruwa mai launin ƙasa ya gangaro mini har gwiwar hannu, da tsutsotsi farare a ciki suna iyo. Nazifa ta jefar da wayar ta ruga ciki tana faɗin abin da take faɗi da Turanci.

Abin da ya fi warin tayar mini da zuciya shi ne sana'ata. A ɗakin gwaje-gwaje na asibiti nake aiki. Kullum sai na ɗauki ƙwayoyin cuta na ba su ɗumi da danshi, na rufe su don su hayayyafa, a kan haka ake biyana. Abin da na yi wa Juriya ke nan wata uku da rabi, ina yi ina mata sannu. Ina ƙyamar ledar, ina ƙyamar tsutsotsin, amma na fi ƙyamar mutumin da ya riƙe butar.

Marigayiya ta bar ƙanwarta guda a gidan Mordecai, koriya shar, ta ƙara ganye huɗu, ba wanda ya taɓa ba ta ko ɗankwali. Ta bar takardar wuyanta, wadda har yanzu ke faɗin gaskiya. Ta bar hotuna sama da ɗari a zauren WhatsApp na dangi, da dodon koɗin da ta yi reno, da wata yanyawa da ta saba yi mata fitsari a gindi, wadda ita ma tun Janairu ta daina zuwa. Haka kuma ta bar magada ashirin da huɗu a kan tagar kicin, yakuwa da alayyafo, a cikin robobin yogot. Kullum ina wuce su ban lura ba. Luba kan rubuta ranar shuka a jikin kowace roba. An rubuta biyu ga Fabrairu, tun Juriya tana cikin bargo.

Ga yadda za a yi jana'iza. Council ta ce kututturen ya fi ƙarfin kwandon shara na ganye. Na yi booking da wani Abdul-Basit mai motar kaya, ya zo ya tsaya a bakin ƙofar baya, ya shaƙa sau ɗaya, ya yi cancel. Saboda haka ranar Asabar bayan azahar za a yanka gawar gunduwa-gunduwa da zarto, a kai ta juji a bayan motata, tagogi a buɗe. Bargo biyun za su bi ta. Ba zaman makoki, don ba mai iya zama a wurin. Masu son yin gaisuwa su yi ta waya, kuma don Allah kada wani ya turo mini hoton itace.

Haƙar rami ni kaɗai zan yi, kamar yadda aka yi alkawari, Mordecai zai ara mini shebur. Luba ta riga ta auna kunyoyinta da zare. Ta ce in na gama kada in shigo mata ɗaki a haka, in tsaya a bakin ƙofa, za ta kawo mini ruwan wanke hannu. Mai ɗumi.