Yadda Za Ka Yi Yawon Buɗe Ido a Birnin da Yayarka Take Ba Tare da Ta Kama Ka Ba

Matso kusa, ɗan'uwa. In ka bi matakan nan bakwai yadda na tsara su, na ba ka tabbaci za ka shiga babban birni, ka kalli dogayen benaye har wuyanka ya ƙage, ka ga teku da idonka, ka dawo gida babu ɗan'uwa ko ɗaya da ya san ka taka garin. Kada ka tambaye ni sau nawa na je birnin. Ban taɓa zuwa ba, shi ya sa hayaniyarsa ba ta ruɗa min tunani ba. Amma ni na tsara wa Auta tafiyarsa, mai askin da shagonsa ke jikin nawa, kuma da shi zan yi maka misali.

Auta shekararsa arba'in da shida, ga furfura a gemu, ga 'ya'ya biyar, amma har gobe Auta ake ce masa. Burinsa ɗaya tak a duniya, ya ga teku, kuma kwana uku kacal zai iya rufe shago. Matsalar ita ce Yaya Babba, wadda ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Shekararta ashirin da biyu a birnin tana sayar da robobi, kuma duk wanda ya faɗa hannunta yawonsa ya ƙare. Kawunsu ya yi sati biyu a wurinta, da ya dawo aka tambaye shi me ya gani, ya ce ya ga falo, ya ga fanka, ya kuma gaisa da mutum tamanin.

Mataki na Ɗaya: Ka rufe bakinka, ka rufe na matarka

A gida ka ce za ka je sayo kayan aiki a wani gari nan kusa. In ka kuskura ka ambaci birnin, kafin azahar za ka tarar da ƙunshin saƙo goma sha biyu a ƙofarka, kowanne da sunan wanda za ka kai wa, babu mai adireshi ko ɗaya.

Matarka kuwa dole ta sani, don haka ka lallaɓa ta. Matar Auta ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta ce ita fa ba za ta yi wa Yaya ƙarya ba, amma in Yaya ta kira za ta ce wayarta ta faɗa ruwa. Irin wannan matar ake nema.

Mataki na Biyu: Ka canja kama

Ɗan yawon buɗe ido ba ya kama da ƙanen kowa. Ka nemi hula mai faɗin baki, baƙin tabarau, jakar goyo, da gorar ruwa a rataye a wuya. Na matsa wa Auta ya sa gajeren wando, ya ce ko a lahira ba zai nuna wa jama'a ƙwaurinsa ba, muka daidaita a kan wanda ya tsaya tsakanin gwiwa da idon sawu. Da ya gwada kayan a shago, wani tsohon abokin cinikinsa ya leƙo ya tambaye shi ko mai askin yana nan. A ranar na san ni gwani ne.

Mataki na Uku: Ka daina gaisuwa

Wannan shi ne mafi wuya, don jininmu ne. Amma ka sani, gaisuwa ita ke kai mutum falon Yaya. Daga ina ka fito, ɗan gidan wa ne kai, af, ashe kai ne ƙanen mai robobi. Tambaya uku kawai, an gama da kai.

Auta ya sauka a otal, hawa na tara. Aka ba shi kati maimakon makulli, ya tsaya yana jiran makullin har ma'aikacin ya ji tausayinsa ya raka shi. A cikin lif, akwatin nan mai hawa da mutane saman bene, ya tarar da mutum shida sun yi tsit suna kallon silin kamar an yi musu rasuwa. Ya daure hawa ɗaya, ya daure hawa biyu, a na uku ya fashe ya gaida kowa, ya tambayi lafiyar iyalinsu ɗaya bayan ɗaya. Allah ya taimake shi babu wanda ya amsa. Ka ga amfanin babban birni ke nan.

Mataki na Huɗu: Ka zana da'ira, ka bar teku sai ranar ƙarshe

Ka samu taswira, ka zagaye unguwar yayarka da jan biro, kada ƙafarka ta shiga ciki. Teku kuma ka ajiye shi sai ƙarshe, don mai hankali ba ya fara cin nama kafin shinkafa. Wannan shawarar tawa ce, kuma har yanzu ina kan bakana, ko da yake Auta ya daina gaishe ni da kyau saboda ita.

Ranar farko ta tafi a tsallaka titi. Layin motoci shida ne, babu mai niyyar tsayawa. Auta ya gano dabara, ya laɓe a bayan wata ƙatuwar mata mai ɗauke da kaya, wadda motoci ke tsoro, ya bi ta suka haye. Ya ji daɗin abin har ya sake bin ta a titi na biyu da na uku, sai da ta juyo ta tambaye shi lafiya, sannan ya tuna ba wajensu ɗaya ba. Rana ta biyu ya shiga wani katafaren kanti ya gamu da matakala mai tafiya da kanta. Sau goma sha ɗaya ya hau ya sauko, yana dariya shi kaɗai kamar sabon mahaukaci, bai sayi ko allura ba.

Mataki na Biyar: In ta kira, ka amsa daga banɗaki

Za ta kira, don yayye suna da hanci. Ka shige banɗaki ka rufe ƙofa kada ta ji ƙarar birni, sannan ka kunna abin da zai yi kama da wurin aikinka. Auta ya tafi da injin askinsa musamman don wannan. Ya kunna shi kusa da waya, har yana cewa wani da babu shi ya sunkuyar da kai.

Yaya ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ta ce gwiwarta ta matsa mata kwanan nan, sannan ta tambaye shi yaushe zai zo ta gan shi, shekara huɗu fa ke nan. Ya ce aiki ne ya yi yawa. Ta sa masa albarka ta kashe. Auta ya ce min ya daɗe zaune a bakin bahon wanka, injin na ta kuka a hannunsa, kunya kamar ta kashe shi. Wannan ba komai ba ne, ka sha ruwa zai wuce.

Mataki na Shida: Ka hau motar 'yan yawo, can sama

Ranar ƙarshe da safe ka hau doguwar motar nan mai hawa biyu marar rufi, wadda ke zagayawa da baƙi ta ƙare a bakin teku. Ka zauna a sama, kujerar gaba. Auta ya zauna kamar shi ya gina garin, yana ɗaga wa masu tafiya a ƙasa hannu. Mai jagora yana ta bayani a lasifika, ga gada, ga tsohon gidan agogo, saura minti ashirin a ga ruwa. Auta ya rantse har ya fara jin ƙanshin gishiri a iska.

Sai cunkoso ya tare babban titi. Direba, don ya nuna shi ɗan gari ne, ya karya kan mota ya shiga wani layin kasuwa, nan ma ya maƙale, ba gaba ba baya. Auta ya karanta sunan layin a allo, ya buɗe taswira, ya ga yana tsakiyar jan biro. Ya zame daga kujera ya tsugunna a ƙasa. Wata tsohuwar baƙuwa da ke gefensa ta ɗauka ciwo ne ya kama shi, ta shiga yi masa fifita da jarida.

Mataki na Bakwai: Ko me ka gani, kada ka tashi

A nan Auta ya watsa min ƙasa a ido. Ya leƙa ta tsakanin ƙarafan mota, sai ga shagon, sai ga Yaya Babba. Ta rame, ta yi ƙanƙanta fiye da yadda ya bar ta, tana ɗingisawa, ta rungumo jerin bokitai da ya fi ta tsawo za ta jera a ƙofa. Wani mai babur ya gogi jerin ya wuce. Bokitai ja da kore da shuɗi suka watse suna gangarawa ƙarƙashin motoci, ita kuma ta dafa gwiwa ta nufi tsakiyar titi za ta tsinto.

Ƙanen da aka goya ba ya iya kallon wannan, kuma laifina ne da ban sa shi a lissafi ba. Auta ya miƙe tsaye a saman mota, da hula da tabarau da gora a wuya, ya buɗe murya duk layin ya ji: "Yaya, tsaya nan! Ƙafarki!"

Bai san sanda ya sauko ba. Mutumin da shekaranjiya ya kasa tsallaka titi sai ga shi yana ratsa motoci yana kwasar bokitai, ɗaya a kai, biyu a hammata. Baƙin da ke sama suka ɗauka cikin shirin yawon ne, suka yi ta tafi suna ɗaukar hoto. Yana ajiye na ƙarshe hanya ta buɗe, motar ta tafi teku ba shi.

Yaya ta kai hannu ta zare masa tabarau. Ta tambaye shi yaushe ya zo, ya ce shekaranjiya. Ta tambayi inda ya kwana, ya ce otal. Ta tambayi inda yake jiya da ta kira, ya sunkuyar da kai ya ce banɗakin otal. Da faɗa ta yi da ya ji sauƙi, amma sai idonta ya kawo ruwa.

"Me ya kawo ka garin nan da ya fi ni?"

"Teku, Yaya. Na ji tsoron in na zo wurinki ba zan gan shi ba."

Sai ta tambaye shi a hankali ko wanda ake cewa yana can bayan gada yake nufi, kuma wai da gaske ne ba a hango ƙarshensa. Ya ce ai ita za ta faɗa masa.

"Ni ina na sani? Daga gida sai shago, daga shago sai gida. Duk wanda ya zo, girki nake yi masa." Ta miƙa masa kwaɗo. "Shigar da robobin nan ka rufe min shago."

Tasi suka hau. A bakin ruwa Yaya ta cire takalmi ta riƙe hannunsa gam. Igiyar farko da ta taso ta kore su da gudu, ita da gwiwarta, tana dariya tana haki har ta zauna daɓas a yashi. Da ya sake matsawa kusa da ruwan ta daka masa tsawa ya dawo nan, kuma mai 'ya'ya biyar ya dawo ya zauna kusa da ita.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba shi da hannu a cunkoso, ko direbobi masu son nuna gwaninta, ko bokitan da suka fashe, ko yashin da ya shiga wayar kowa. Wanda ya bi matakan nan aka kama shi, shi ya jiyo. Wanda kuma ya bi su tsaf ya yi nasara, ya ga tekun shi kaɗai ya dawo yayarsa ba ta sani ba, kada ya zo shagona ya ba ni labari, don ban san da wane ido zan kalle shi ba. Yanzu ku ba ni wuri, ni ma ina da yaya, kuma wata takwas ke nan ban kira ta ba.