La'ada da Keken Tela

"Lafiya lau muka tashi, ganinka ne dai ya ɓata safiyar," in ji Tela, tana tare ƙofar falo da jikinta.

Ɗan kawunta ne a tsaye, Dillali, abokin wasanta tun suna rarrafe. Shi ya yi wata huɗu yana yawo da ita lungu-lungu har ta sami wannan ɗan gida mai ɗaki biyu. Kuɗin gida kam ta biya, ko sisi bai rage mata ba. La'adarsa ce ta tsaya mata a rai. Kwana tara ke nan in ta ga kiransa sai ta kife waya, daga ƙarshe ta yanke shawarar sayar da keken ɗinkinta, wanda da shi ta tara kuɗin gidan. Ga shi can bayanta a naɗe cikin tsohon zane, mai saye zai zo da azahar.

"Matsa in shiga gidana," in ji Dillali.

"Gidanka? Kai da ka nuna wa mutane gida ɗari, har yau kana kwana a haya?"

"Ina jiran wanda ya dace da darajata ne. Ke kuwa wannan akurkin ya yi daidai da ke."

"Akurki? Ranar da ka kawo ni cewa ka yi ko attajiri ya gani sai ya haɗiyi yawu."

"Ranar ina bakin aiki."

"Bakin ƙarya dai. Gidan farko da ka kai ni babu rufi, ka ce iska kyauta. Na biyar kwata ta ratsa tsakar gida, ka ce bakin kogi."

"Ke kuma duk inda muka shiga sai kin ƙwanƙwasa bango kamar mai zaɓen kankana. Takalmi biyu na kashe a kanki."

Kafin ta ankara ya sulale ta gefenta ya shige. Ya yi turus a gaban ƙunshin. "Wannan kuma wa aka naɗe?"

Tela ta kau da kai. Da ƙyar ta ce, "Keke ne. Da azahar za a ɗauka, in ba ka la'adarka, ka daina kashe mini waya."

Dillali ya dube ta, ya dubi keken, ya fashe da dariya har makullan aljihunsa na kaɗawa.

"Kin karanta takardar cinikin kuwa?"

"Na sa hannu."

"Na ga kin sa hannu. Shafi na biyu fa? Tun kafin a sallama na ce wa mai gidan la'ada daga wajensa za ta fito, mu raba ni da dillalinsa. Yana saurin sayarwa, ya yarda. Lauya ya karanta da ƙarfi a cikin falon nan. Ke kina ina? Kina kan kujera da tef a wuya, kina auna taga saboda labule."

Ta tuna. Har faɗin tagar tana iya faɗa yanzu, amma maganar lauya ko kalma ɗaya ba ta shiga kunnenta ba.

"Wato... an biya ka?"

"Tun ranar. Har na sayi takalmi."

Ta zauna a kan kwalin tukwane. Wani sanyi ya ratsa mata zuciya, sai ga ƙwalla. Ta share da gefen ɗankwali, wai ƙurar sabon gida ce.

"To uban me kake kirana kwana tara?"

"Makullin ƙofar baya zan ba ki. Ya huda aljihu ya faɗa cikin shafin riga, sai ran nan na ji yana dukana a cinya." Dillali ya zura hannu a aljihun, yatsunsa suka leƙo ta ƙasa. "Da kin ɗaga waya da kin huta. Amma ina, tsoro ya sa jaruma ta ɓuya a akurki."

"Na yarda, yau ka ci," ta ce tana dariya.

Ta kira mai saye ta ba shi haƙuri, ta ce keken ya fasa tafiya. Ta warware zanen, ta shafa kan keken, ta zura zare.

"Miƙo rigar. Aljihu biyu zan yi maka, ɗaya na makullai, ɗaya na ƙarya."

"Ki faɗaɗa na biyun," in ji Dillali.

Ta ɗora ƙafa ta taka. Ɗinkin farko ke nan da aka yi a sabon gida.