Ranar Da Aka Tono Gajeren Wandona

Ba zan taɓa mantawa ba da daminar da na binne gajeren wandona a ƙofar gidan ɗan takarar kansila. Ku tsaya ku ji dalili kafin ku yanke mini hukunci, don mutanen Rano ba su tsaya ba.

Lokacin ina sabon malamin gona a ƙaramar hukuma, ilimi na cina kamar ƙaiƙayi. An tura mu bita Kano, wani malami ya ce mana bishiyoyin cikin gari ba inuwa kaɗai suke bayarwa ba. Suna zuƙo wani sinadari daga iska wai shi kabon, su adana shi a ƙasa ta hanyar saiwa da ruɓaɓɓen ganye, shi ne abincin ƙananan halittun da ke raya ƙasa. Ya ce gwajin ba wuya: ka binne ƙyallen auduga zalla wata biyu. In ƙasa mai rai ce za ta cinye shi, in matacciya ce ka tono kayanka lafiya lau.

Ina dawowa na ji Alhaji Sale, mai neman kansilan unguwarmu, zai sare dalbejiya bakwai ɗin da ke ƙofar gidansa da zarar ruwa ya ɗauke, ya gina ofishin kamfe. A gindinsu na yi wayo, nan tsofaffinmu ke shan iska. Abin ya tsaya mini a rai. Na je na zuba masa lacca har bakina ya bushe, ya dube ni ya ce, "To Malam, shi kabon ɗin yana da ƙuri'a?"

Sai na ce zan kawo masa hujja. Na birkice akwatina kaf, auduga zalla sai gajerun wanduna biyu (farare ne a zamaninsu). Bayan azahar, da layi ya yi tsit, na ɗauki fartanya na binne ɗaya a gindin bishiyoyin, ɗaya a faƙon da ke jikin katangarsa. Ban gaya wa kowa ba, wai ina so in ba su mamaki. Na kuwa ba su.

Ashe Iya Talatu mai ƙosai tana zaurenta tana kallona. Ta yi gum da bakinta har sati bakwai, sai ranar da Alhaji ya sha ƙasa a zaɓen fid da gwani ta tuna ta ga ana binne wani abu.

Washegari aka kira ni. Na tarar da mai unguwa, da 'yan hisba biyu, da Alhaji yana huci, da jama'ar da ko taron kamfensa bai taɓa tarawa ba.

"Ranka ya daɗe, wallahi ba asiri ba ne, kimiyya ce," in ji ni.

Mai unguwa ya ce, "To bisimilla, tono mana kimiyyar mu gani."

Na fara da na faƙon. Ya fito garau abinsa, har da koren facin da maiɗakina ta yi masa ta baya. Babu wanda ya yarda ya taɓa, sai ɗan hisba ya sa sanda ya ɗaga shi sama yana jujjuyawa don na baya su gani.

"Na waye wannan?"

"Nawa ne," na ce, murya can ƙasa.

Iya Talatu ta tafa hannu. "La ilaha! Da kayan jikinsa ya haɗa. Ai wannan ba ƙaramin aiki ba ne."

Na so ƙasa ta tsage in shige, sai dai faƙo ne, da ƙyar ma fartanya ta shiga.

Muka koma gindin dalbejiya. Ƙasa baƙa wuluk, laushi kamar sabon tuwo, ga tsutsotsin tana sai motsi suke. Na tona, na tona, babu wando, sai zoben robar ƙugu kaɗai. A nan na tafka babbar wautar. Na manta tuhumata ake yi, na ɗaga robar ina tsalle ina washe baki: "Kun gani? Ta cinye shi tas! Da rai a ƙarƙashin nan!"

Jama'a suka ja da baya a tare. Wani ya bar takalminsa.

Mai unguwa, Allah ya jiƙansa, ya rufe baki da gefen rawani, kafaɗunsa na rawa. Da ya samu numfashi ya ce, "Alhaji, yi haƙuri. Wannan ba matsafi ba ne, karatu ne ya yi masa yawa." Aka sa na yi rantsuwa, sannan aka ce in kwashe kayana. Haka na ratsa layin da wando a hannun dama, roba a hagu, mata na leƙe ta katanga.

Alhaji kuwa bai gamsu ba. Na ji shi yana cewa, "Abin da ya ci wando ya bar roba, ni zan sa wa gatari? Ina da iyali." Da kaka ta yi ƙanensa ya nemo masu sara har uku, kowanne in ya ji labari sai ya tuna yana da ciwon baya.

Yau bishiyoyin nan bakwai suna nan, sun ƙara girma, amma in ka ce kabon babu wanda zai gane ka. Ka ce Gindin Wando, kowane ɗan acaɓa zai kai ka. Ni dai na ɗauki darasi: a ƙasar Hausa, ko ilimi za ka binne, ka fara neman shaidu biyu, kuma ka tabbata abin da za a tono abu ne da za ka iya amsawa a gaban jama'a.