Yadda Na Koya wa Mutum-mutumi Ribas

Na tsufa ina gyaran giyar motoci a Gyadi-Gyadi. Don haka da jikata Hafsat ta kawo mutum-mutumin da ajinsu ya ƙera, da safiyar ranar gasar makarantu, sai na karɓe shi ina murmushin manya. Akwatin giyarsa bai fi na ashana ba.

Ta ce, "Kaka, ƙara yake yi. Dubawa kawai za ka yi, kar ka canza komai."

Na buɗe, na ga haƙoran giya biyu ba su kama juna sosai ba. Na ɗan raba su, na ciro wata 'yar giya daga tsohuwar rediyon kaset, na soka a tsakani. Ƙara ta ɗauke. Hafsat ta ce a gwada a ƙasa.

Na ce, "Aikina za a gwada? Tun ba a haifi ubanki ba nake wannan sana'a. Mu tafi, kun makara."

Na zauna a layin gaba a zauren gasar a Tarauni, da babbar riga. Mutum-mutumin shi ke tuƙa kansa, aikinsa ya je ya ɗauko ƙwallo. Aka busa usur, na sauran yara suka yi gaba. Namu kuwa ya yi baya cikin natsuwa, har ya hau ƙafar alƙalin gasa. Na manta cewa in aka soka giya ta uku tsakanin biyu, juya tafiya take yi.

Zaure ya kaure da dariya. Na ce wa na kusa da ni, "Amma dai ba ka ji ƙara ba."

A zagayen farko aka fitar da su. Har yau in na tashi zuwa masallaci, sai Hafsat ta ce, "Baba Ribas, fuskanci gida, za ka fi saurin isa."