Ranar da Na Goge Rediyon Surukina

Surukina, Alhaji Bukar na Kara-Kara, yana da rediyon oba-oba a motarsa. Tun da ya bar aikin gwamnati, da ita yake gaisawa da abokansa na Mirriya da Gidimuni kowace safiya. Shekara da shekaru ya yi yana shigar da tashoshinsu da yatsa.

Rannan ya ce yana son ƙara tasha guda. Ba wanda ya tambaye ni, na ce, "Baba, ai aikin ordinater ne, wato kwamfuta. Kafin shayi ya huce na gama."

Na jona rediyon da ordinater da kabul, na buɗe lojisiyel, wato manhajar saita tashoshi, ina yi wa ƙannen matata bayani kamar ni na ƙera rediyon. Maɓalli biyu ne a gabana: ɗaya ya kwaso abin da ke cikin rediyo, ɗaya ya zuba mata abin da ke ordinater. Ordinater kuwa wayam take. Na danna na biyun, har da gyara hula.

Alhaji ya ɗauki makirfo ya kira amininsa na Mirriya. Sai shuuu. Ya murɗa ko'ina, babu tasha ko ɗaya. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Da zagina ya yi, da na samu sauƙi. Tabarau kawai ya cire ya ce, "Sannu da aiki."

Har yau rabin tashoshin ba su dawo ba. Ina yin sallama a gidan, ƙanwar matata takan ƙwala kira: "Kowa ya ɓoye salularsa, ga Injiniya!"