Ranar da manya suka zo koya wa yaranmu zaman tare

Jama'a, ranar Asabar na rufe shagona na unguwar Rumde Ajiya a nan Garwa, na tura babur da hannu har filin ƙwallo don layin gidan mai ya fi ƙarfina, na je na gasu a rana kamar kifin Maga. Duk don in ji 'yata Nasiha ta yi karatu a gaban manya.

Bari in faro muku daga tushe. Ƙungiyar ƙwallon unguwarmu, wadda rabonta da cin wasa har na manta, ta yi abin kirki guda ɗaya. Kocinta, Zacharie, ya tara yaran lekol, wato makarantar boko, a rumfar da 'yan wasa ke canza kaya, ya kafa doka: wanda bai karanta shafi ba, ba zai taɓa ƙwallo ba. Yaran kuwa kowane iri akwai: Hausawa, Fulani, Tupuri, Masa, da 'ya'yan ma'aikatan da aka turo daga kudu. Su yi faɗa da Fulatanci, su yi karatu da Faransanci, su koma gida kowa ya yi kuka da yarensa. Nasiha da malamai suka ce kanta ba ya ja, a nan bakinta ya buɗe. Achille, mai tsaron ragar ƙungiyar yaran, shi ke zama kusa da ita yana bin mata layi da yatsa. Ran da ta karanta min rubutun jikin buhun shinkafa sai da na yi hawaye, kuma ban ji kunya ba.

Sai labari ya kai kunnen manya. Allah ya ƙara musu lafiya, ba su taɓa jin abu ya nuna sun bar shi ya wuce ba. Aka ce Mai Girma Sarkin Almakashi da kansa zai zo ya buɗe shirin da ya daɗe yana tafiya ba da shi ba. Zacharie ya zaɓi Nasiha ta karanta shafi ɗaya a gabansa. Yarinyar nan ko abinci take ci tana bita.

Kafin Mai Girma ya iso, sai ga ɗan gabansa, wani mai kwat a cikin zafin Garwa, Wazirin Tsara Layi. Ya dubi yaran cikin rigunan ƙwallo, ya ɓata rai.

"Ina bambancin al'adun da aka ce? Ai waɗannan duk iri ɗaya ne!"

Zacharie ya ce, "Mesiye, ai abin da muke nema ke nan."

"Ba zai fito a hoto ba."

Nan take aka tuɓe rigunan, aka zazzage buhun kayan gargajiya, aka kakkafa alluna, kowace ƙabila da layinta. Waziri ya tsaya kan Nasiha.

"Ke 'yar wace ƙabila ce?"

"Babana Bahaushe ne, innata Bafulatana."

"Zaɓi ɗaya, ba mu da lokaci."

Kafin ta zaɓa ya zaɓa mata, aka aza mata farantin goro a ka. Achille kuwa, da yake babansa Masa ne, aka rataya masa ragar kamun kifi, yaron da ko kogin Binuwai bai taɓa sa ƙafa ba.

Maƙwabcina Babagana ya taɓa ni. "Alhaji, kai taya kake sayarwa, yaushe 'yarka ta fara tallan goro?"

Na ce, "Yi shiru, al'ada ake raya mana."

Mai Girma ya iso bayan azahar, da jerin motocin da man cikinsu zai kai ni Pitowa in dawo har ƙarshen shekara. Mai sanarwa ya riƙa kira: ga masu goro, ga masu shanu, ga masu kifi! Yara suna nuna juna suna ƙyalƙyala dariya. Mai Girma ya yi dogon jawabi kan zaman tare, ya yanke ƙyalle, ya buga ƙwallo ta tafi waje, muka tafa. Karatun Nasiha fa? Waziri ya ce lokaci ya ƙure, akwai liyafa. Ta tsaya da faranti a ka da littafi a hammata har motoci suka ɓace. Wallahi na ji zafin abin har cikin raina.

Da abin ya tsaya nan da sauƙi. Ranar Laraba da aka koma rumfa, Zacharie ya ce a raba gida biyu a buga ƙwallo, sai yara suka rabu yadda aka jera su. Aka fara "mai kifi", "mai goro", har aka ba hammata iska. Achille ya ɗauki takalmansa ya tafi, bai dawo ba.

Jiya na iske Nasiha ta tasa littafi a gaba, ta maƙale a layi na farko.

Na ce, "Ki je gidan su Achille ki ba shi haƙuri mana."

Ta ce, "Baba, ashe su ba namu ba ne?"

To, masu cewa manyanmu ba sa aiki, ku ji tsoron Allah. Zacharie ya yi wata da watanni yana fama kafin haruffa su zauna a kan yaran nan. Mai Girma zuwa ɗaya ya yi, ko alli bai riƙe ba, ga shi duk ajin sun haddace darasinsa.